Inda Na Kai da Tsohuwar Land Rover: Ƙarƙashi Tukuna, Fenti Daga Baya

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Motar dai yanzu ta sauka daga kan jak, tana tsaye da tayoyinta huɗu, birki ya kama, inji kuma yana tashi da bugu ɗaya ko da sanyin safiya ne. Ƙofofi da rufi har yanzu suna jingine da katanga, kuma duk wanda ya leƙo garejin tambayarsa ɗaya ce, wai yaushe za a yi mata fenti. Fenti shi ne abu na ƙarshe da za ta gani.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, Land Rover ce Series III, doguwar, wadda tsakanin tayar gaba da ta baya inci 109 ne. Gajeriyar inci 88 ce. An ƙera wannan samfurin daga 1971 zuwa 1985 a masana'antar Solihull da ke Ingila, kuma da ganin filastik a hancinta da agogon gudu a gaban direba ka san ba Series IIA ba ce, wadda nata agogon yake tsakiya. Injin fetur ne mai silinda huɗu, cc 2,286. Na zaɓe ta a kan su Morris da MG ne saboda dalili ɗaya: ita ce tsohuwar motar Ingila da ta zauna a ƙasarmu ta yi aiki, daga asibitocin karkara zuwa ofisoshin gona da na 'yan sanda, har yau kuma ana hawa tsaunin Mambila da irinta a jihar Taraba. Saboda haka akwai gawarwakinta da za a ciri kaya, akwai kuma dattawan makanikai da suka san cikinta.

Abin da na lura da shi tun da na fara shi ne shawarar Turawa rabi take yi mana amfani. Su can babban abokin gabarsu tsatsa ce, domin ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ga damshi shekara duka. Mu nan Arewa motar da ta yi shekara arba'in a Katsina ko Sakkwato sau da yawa ƙarfenta lafiya lau yake. Abin da ya kashe ta hannayen da suka taɓa ta ne. Kowane mai gyara ya bar tambarinsa: wannan ya ɗaura noti da ƙarfin tsiya a inda zaren bai dace ba, wancan ya yi walda a inda ya kamata a kwance, wani ya ja waya ja daga batir kai tsaye zuwa fitila. Gyaran gangar Auzinawa kan gyaran gangar Auzinawa. Rabin aikina har zuwa yau kwance aikin wasu ne.

Bari in fara da cesis, wato firam ɗin ƙarfe da bodi yake zaune a kai, tunda a nan ne kuɗin mai saye yake tsira ko ya nutse. Bodin Land Rover ba ƙarfe ba ne, wani haɗin alminiyon ne da ake kira Birmabright, ba ya tsatsa irin jar nan da muka sani. Shi ya sa mota za ta yi kyau daga nesa alhali ƙashin bayanta ya ruɓe. Ƙarfe yana wuri biyu da suka fi muhimmanci: cesis, da bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Cesis ɗin kamar dogon akwati aka naɗe shi, cikinsa rami ne, kuma laka tana shiga ta hudojin jikinsa ta zauna. Tawa da na zura mata tiyo na saki ruwa, jar ƙasa ta yi ta fita har ta cika ƙaramin bokiti, da ƙwallon goruba guda a ciki, Allah kaɗai ya san yadda ya shiga. Wannan lakar ce ke riƙe ruwan damina tana cin ƙarfen daga ciki.

Na bi shi da ƙaramar guduma taku-taku. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɗif. Wuraren da za ku matsa wa lamba su ne gindin baya inda ake ɗaura abin ja, da fukafukan da suka fito gefe suna ɗauke da bodi da tankin mai, da ƙahonnin gaba biyu inda sifirin yake rataye. A tawa gindin baya ne ya tafi, sai fiffike ɗaya na ƙarƙashin tanki. Akwai kuma tsaga kusa da maratayin sifirin na baya, wannan ba tsatsa ba ce, lodi ne. An ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta shekara da shekaru. Mai waldana ya so ya manna faci a kai ya wuce. Na ce a'a Malam, a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a goge ta da girinda, a cike, sannan a sa faci. Ya ɗan yi ƙunƙuni amma ya yi, aikin kuma ya yi kyau. Kafin a kunna wuta mun sauke tankin mai mun kai shi can nesa, ku ma kada ku yarda a yi walda tankin yana wurin ko da an ce babu komai a ciki.

Wani gwaji mai arha ga mai saye: ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Inci 109 kusan santimita 277 ne. In gefe ɗaya ya bambanta da ɗaya da yawa, ko dai cesis ya taɓa lanƙwasa ko kusar tsakiyar sifirin ta karye aksul ya goce. Ka kuma kankare ƙahon gaba na dama ka nemi lambar cesis da aka buga a jiki, ka gwada da farantin da ke cikin mota da kuma takardu. In uku ɗin ba su yi magana ɗaya ba, ka yi wa dillali sallama komai daɗin bakinsa.

Sai maganar sifana, wadda ita ce ta fi ba ni haushi a duk aikin nan. Motar nan tana ɗauke da ma'auni iri uku. Akwai tsohon ma'aunin Ingila na Whitworth, musamman a giyabos, akwai na inci da ake kira AF a mafi yawan jiki, akwai kuma na milimita a 'yan wurare, wanda ya ƙaru a motocin ƙarshe-ƙarshe. Akwatin sifanar makanikenmu na yau kuwa milimita ce zalla, don motocin Japan ya saba da su. Notin furofela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, 9/16 ne na inci, wato ya ɗan haura milimita 14. Sifana 14 ba ta shiga sai da duka, 15 kuma tana zamewa ta cinye kusurwoyin. Duk notin furofelar tawa an mayar da su kamar ƙwallo, da kurfi da guduma na fitar da su. Na samo tsofaffin sifanonin inci a Kofar Ruwa a Kano cikin tulin kayan da ba wanda yake waiwaya, kuma wanda yake Kaduna ya duba Panteka. Kafin ku sayi komai na motar, ku sayi waɗannan.

Birki ne ya cinye mafi yawan wannan zangon. Duk ƙafafu huɗu ganga ne, babu faifai. Doguwar tana da ganga mai inci 11, kuma kowace ƙafar gaba silinda biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Mai yana shiga ta sama ya gangara ta bututu zuwa ta ƙasa, kuma a ta ƙasan ne aka sa bakin fitar da iska. To iska ai sama take hawa. Sai ka yi ta famfo kana zubar da man birki, feda kuma tana nan laushi tana nutsewa har ƙasa. Dabarar da wani dattijo da ya yi aiki da irin motocin nan tun yana yaron gareji ya nuna mini ita ce a sassauta abin saitin takalman gaba ɗaya, a matse fistin ɗin silindojin su koma ciki sarai yadda iska ba ta da wurin ɓuya, sannan a fitar. Bayan nan a saita takalmi ɗaya-ɗaya: a juya har taya ta kame, a dawo baya kaɗan har ta saki. Da ya ga ina shirin haɗa na baya sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya yaro, takalman nan ba tagwaye ba ne." Gaskiyarsa. A cikin kowace gangar baya, takalmin gaba da na baya sun bambanta a inda ɗan turken saitin yake, in ka musanya su babu famfon da zai ba ka feda mai tauri. Na canza robobin tiyo duka da bututun da ya yi tsatsa. Robar da ta shekara talatin tana kumbura daga ciki ko da wajenta ya yi kyau.

Birkin hannu ba a taya yake ba, ganga ce a bayan giya da take kame furofela. Tawa cike take da man giya saboda oyil sil ya mutu. Kada ku ja shi mota tana tafiya, yana iya karya shaf.

Inji bai wahalar da ni sosai ba, ya gaji ne kawai. Saitin bawul inci 0.010 ne, da zafi ko da sanyi, kuma an rubuta shi a farantin da ke kan murfin inji don kada wani ya yi gardama. Akwai lissafi mai sauƙi: bawul takwas ne, in na 8 ya buɗe sarai sai ka saita na 1, in na 7 ne ka saita na 2, kullum jimla tara. Jerin wuta 1-3-4-2. Bakin kwantak inci 0.015. Kafireton Zenith ne, kuma ciwonsa sananne: fuskar da rabi biyun suke haɗuwa tana karkacewa da zafi, sai mai ya riƙa zuba ta inda bai kamata ba, baƙin hayaƙi ya biyo salansa. Na shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi na goga fuskar a hankali har ta kwanta, na sa sabuwar robar zobe a ciki. Hayaƙin ya ɗauke. Abu ɗaya da na ajiye a raina shi ne an ƙera injin nan lokacin da fetur yake da dalma a ciki, wadda take kare mazaunin bawul. Fetur ɗin yau babu ita. Don haka zan riƙa duba saitin bawul na salansa a kai a kai, in ya fara tsukewa da kansa to mazaunin ne yake cinyewa, sai a sauke kan silinda a dasa masa masu tauri.

An sha ba ni shawarar in cire shi in sa injin dizal na Japan. Ban ƙi wa mai neman abinci da motarsa ba. Amma giyabos ɗin nan da shaf ɗinta an yi su ne don inji mai haƙuri, kuma tukunyar tace iska ta asali mai wanka da baƙin mai ta fi kowace filtar takarda jure ƙurar hunturu. Wanda yake son gudu ya sayi wata motar, wannan in ta kai kilomita 80 a awa hira ta ƙare a cikinta sai ihu.

Wayoyi ne aikin da nake ciki yanzu. Turawa suna yi wa kamfanin Lucas, mai ƙera kayan wutar motocin Ingila, ba'a da Yariman Duhu, amma ni ban ga laifinsa a tawa ba, don da ƙyar aka bar wayarsa ta asali. Tsarin launin Ingila kuwa abin so ne in ka gane shi. Ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir. Fara tana samun wuta in an murɗa makulli, koriya ma haka amma ta bi ta fis. Baƙa ita ce at, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota. Ja ƙananan fitilu, shuɗiya manya. Ina bin kowace waya da kwan gwaji ina manna mata takarda da suna, duk wadda ba ta cikin tsarin in cire. Mafi yawan fitilar da "ta mutu" at ne ya yi datti, saboda inda ƙarfe ya taɓa alminiyon wani farin gari yake fitowa ya hana wuta wucewa. Garin nan ne kuma yake huda ƙasan ƙofofi, inda fatar alminiyon ta naɗe firam na ƙarfe.

Ga masu tambaya a kan sitiyari: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motocin da suka shigo kafin nan yawanci sitiyarinsu a dama yake, wasu kuma an juya su daga baya. In ka samu wadda aka juya, ka kwanta ƙarƙashi ka ga yadda aka yi. Sandar sitiyari da aka yanke aka haɗa da walda ba abin ɗaukar iyali ba ce. Ka kuma duba ƙwallayen nan biyu masu sheƙi a aksul na gaba. In sun yi ƙuraje ba za su riƙe mai ba, kuma suna da tsada.

Gwajin farko a fili ya nuna giya ta biyu tana fita da kanta in na ɗaga ƙafa daga totur a gangara, ciwon da aka san Series III da shi. Jan kulki na ƙaramar giya yana shiga lafiya, rawayan na taya huɗu kuma yana maƙalewa, ina zaton datti ne ya kama sifirin ɗinsa. Da na gama wayoyi giyabos zai sauka, kuma tunda ta cikin mota ake fitar da shi, sai an cire daɓe da akwatin kujeru. Wanda yake da sifanar Whitworth ta 5/16 da ya daina amfani da ita ya yi mini magana, ita kaɗai ta rage mini.