Lemun ɗaci a Bar-sur-Loup

A ƙarshen Janairu na hau jirgin ƙasa daga birnin Nis a kudancin Faransa. Muka bi bakin teku har Cannes, daga nan jirgin ya haura tudu zuwa Grasse, garin turare. A can na shiga bas zuwa Bar-sur-Loup, ƙauyen da ke rataye a jikin dutse, inda surukar wani abokina take da gida da ɗan lambu.

Tun daga hanya nake ganin itatuwan lemu cike da 'ya'ya jawur, babu mai taɓa su. Ina shiga lambun na tsinki ɗaya na ɓare. Ɗacinsa da tsaminsa suka sa ni rufe ido. Tsohuwar ta ce wannan ba na sha ba ne, bigarade suke kiransa. Don furensa aka dasa shi: a watan Afrilu da Mayu ake tsinkar furen da hannu, a turara, a fitar da man neroli da masu turaren Grasse ke saye. Sai an tara wajen tan 1 na fure kafin a samu kilo 1 na man.

'Ya'yan kuwa na uwar gida ne. Washegari da safe na tarar da ita a kicin tana haɗa abin da suke kira vin d'orange, giyar lemu da ake ba baƙo kafin abinci. Na ce mata, "Mama, ni Musulmi ne, ba na sha." Ta ce to, in zauna in yi kallo, ta ja mini kujera.

Ta wanke lemu 6, ta goge kowanne da tsumma, ta yayyanka har da ɓawon, domin a ɓawon ƙamshin yake. Ta zuba a wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki, ta ƙara lemun tsami guda, da sandar banila da ta tsaga biyu, da sukari kilo 1. Sannan giyar inabi lita 5 da barasa mai ƙarfi lita 1, wadda ke janyo man ɓawon kuma ta hana haɗin lalacewa. Ta rufe, ta manna takarda ta rubuta kwanan wata. Kwana 40 zai yi a ɗakin ƙasa mai duhu, tana leƙawa tana jijjigawa, kafin ta tace. Da na ji arba'in sai na tuna mai jego a gida, ita ma sai ta cika su take fitowa.

Hannunta nake ta kallo. Yatsun sun lanƙwashe saboda tsufa, amma wuƙar ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Ba ta duba littafi. Ta ce a wurin mahaifiyarta ta koya. Har yanzu, in ji ta, ranar Litinin ɗin Ista ƙauyen na bikin itacen lemu.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne ba ta sake yi mini tayin giyar ba. Da yamma, lokacin da iyalinta suka zuba ta bara a ƙananan kofuna, ni sai ta kawo mini ruwan zafi da ta ɗiga wa ruwan furen lemu, da burodi da dagen ɓawon lemu da ta dafa da sukari. Ranar da zan koma Grasse ta naɗe mini kwalba biyu na dagen a tsohuwar jarida, ta cusa a jakata.