Littafin rajistar da na ajiye a bakin ƙofa

Aikina a ikkilisiyarmu da ke kudu maso yammacin Houston, a jihar Texas ta Amurka, ana ce masa hidimar baƙi. Wanda ya sauka sabo daga Najeriya ko Kamaru ko Kwango, ni ce mai nuna masa inda ake sayen garin rogo da manja a titin Bissonnet, da yadda ake sa yaro a makaranta, da irin wasiƙar da in ta zo ba a jefa ta a kwandon shara. Shekara 3 ina wannan kafin guguwar Harvey, har na fara ɗaukar kaina wadda ta san baƙi ciki da bai. Ashe ko zauren gidan ban wuce ba.

Guguwar ta sauka gaɓar teku kusa da garin Rockport ranar Juma'a da dare, 25 ga Agusta, 2017. Mu a Houston ruwan sama ne ya ci mu. Hadarin ya zo ya yi zamansa a kanmu, cikin kwana 4 wasu unguwanni suka sha ruwan da ya fi na damina guda a Kano. A Nederland, gabas da mu, an auna inci 60, kimanin mita ɗaya da rabi ke nan. Ranar Litinin da tsakar dare injiniyoyin soja suka fara sakin ruwan madatsun Addicks da Barker don kada su fashe, sai gidajen da suka tsira daga ruwan sama suka nutse da ruwan dam. Babban zauren taro na George R. Brown ya zama mafakar mutum wajen 10,000. An yi ta caccakar cocin Lakewood na Joel Osteen kan jinkirin buɗe ƙofa, sai ranar Talata ya fara karɓar mutane, alhali wani mai sayar da kujeru da katifu, Jim McIngvale, tuni ya bar jama'a suna kwana a kan kayan shagonsa.

Namu ginin yana kan ɗan tudu, ruwa bai shiga ba. Dattawan ikkilisiya suka ce a buɗe, muka buɗe. Motoci suka fara sauke ruwan gora, da abincin gwangwani, da kunzugun jarirai, da tufafi. Ni kuma, da yake ina taƙama da iya tsari, na jawo tebur na kafa a bakin ƙofa, na ɗora sabon littafi mai layi-layi: suna, adireshi, lambar waya, ƙasar asali, mutum nawa a gida. A ganina amana ce. Kayan mutane ne, dole a ce ga inda suka tafi.

Kwana biyu littafin yana cika da sunayen waɗanda na sani, masu takardu, masu aiki a asibiti, masu mota. Daga tagar ofis kuwa ina hango wasu suna zuwa har filin ajiye motoci, su tsaya, su leƙo, su juya. Wata mata riƙe da yara biyu ta zo har gaban teburin, na miƙa mata biro da fara'ata, ta dubi littafin, ta ce wani abu da Sifaniyanci, ta ja yaranta. Na ɗauka kunya ce.

Shugabar zumuntar mata, wadda kowa ke kira Mama, tana zaune a gefe tana tsince wake. Ta fi shekara 30 a ƙasar. Ta ce, “'Yata, zo.” Na je na rusuna.

“Wannan littafin na wane ne?”

“Na lissafi ne, Mama. Masu ba da kaya za su tambaya.”

“To ki ƙirga buhu. Buhu ba ya tsoron a rubuta sunansa.”

Ta miƙe da kanta, ta ɗauke littafin ta tura ƙarƙashin tiren wake. A ranar aka kwashi kaya fiye da na kwana biyun da suka wuce a haɗe.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne wata doka da majalisar Texas ta yi, SB4, wadda za ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, wato a wannan makon. Dokar ta ba 'yan sanda damar tambayar wanda suka tsare matsayin zamansa a ƙasar. Ga kuma jiragen ruwan jami'an tsaron iyaka suna yawo cikin unguwanni suna aikin ceto. Ceton gaske suke yi, amma wanda bizarsa ta ƙare, in ya hango wannan kakin daga saman bene, ciki yake komawa ya rufe labule. Magajin gari na lokacin, Sylvester Turner, wanda lauya ne, ya fito ya ce duk wanda aka nemi korarsa saboda ya nemi taimako, shi da kansa zai tsaya masa. Hukumar birnin ta sanar cewa ba a tambayar takardu a mafaka. Ranar 30 ga Agusta wani alƙalin tarayya a San Antonio ya dakatar da manyan sassan dokar. Duk da haka jita-jita ta riga sanarwa isa gidaje, domin ita ta WhatsApp take tafiya, da harshen da mutum yake ji. Ni kuwa ga ni a bakin ƙofar gidan Ubangiji da biro, ina tambayar ƙasar asali.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, na taɓa ganin irin wannan. Lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoba 2014, aka mamaye hedikwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, jama'a suka kwararo Yola, mahaifiyata a Jimeta ta sauke mutum fiye da 20 a gida mai ɗaki uku. Mafi yawan masu gudun hijira haka suka zauna, a gidajen dangi da na 'yan coci da na masallaci, sansani ya ɗauki kaɗan. Ta sha faɗa mini a waya cewa motar agaji sansani take nufa, su da ke cikin gari sai dai su ji labari. Na ji wannan da kunnena, na tausaya, na aika kuɗi, amma ban ɗauki darasin ba sai da ruwa ya zo inda nake.

Daga nan muka daina jiran mutane. Muka raba kanmu bibbiyu, muka shiga rukunin gidajen haya muna ƙwanƙwasa ƙofofin hawa na ƙasa. Wari ne ke nuna maka gidan da za ka tsaya. Ruwan ambaliya ya gauraye da na masai, ya jiƙa kafet, ga zafin Agusta, kwana biyu sun isa fumfuna ta fara cin bango. A wani ɗaki muka tarar da iyali daga Guwatemala, uwar ma Sifaniyancin kaɗan take ji, yarensu na kan tsauni take yi, 'yarta mai shekara 9 ce tafinta. Sun shimfiɗa kwalaye a kan jiƙaƙƙen kafet suna kwana, ƙaramin yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Mai gidan hayar ya manna takarda cewa kuɗin wata yana nan ranar 1 ga wata. Ba su kai ƙara ko'ina ba, ba su kuma nemi tallafin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya ba, don an ce musu sai mai takardu. Rabin gaskiya ce. Ƙaramin an haife shi a Houston, ɗan ƙasa ne, kuma ƙa'idar hukumar ta yarda iyaye su nema da sunan irin wannan yaro. Wata lauya 'yar sa kai ce ta koya mini wannan a tsaye cikin minti 5, kuma ya amfani gidaje fiye da duk tufafin da muka tara.

Tufafin nan, Allah ya saka wa masu bayarwa, sun zame mana kaya. Har da rigunan sanyi masu gashi a watan Agusta, da takalmi wari ɗaya, da rigar amarya. Masu aikin agaji suna kiran wannan bala'i na biyu, kuma ba su yi ƙarya ba.

Na mutanenmu kuwa wani ciwo ne daban. Akwai wani bawan Allah daga Filato da ke tuƙa mutane a motarsa. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya zo sujada da kaftani a goge, ya yi waƙa, ya ba da baiko, ya taya mu sauke ruwa. Na ce, “Yaya, ya gida, ruwa bai taɓa ku ba?” Ya ce, “Mun gode Allah.” Sai bayan mako biyu wani yaro ya faɗa wa uwarsa cewa ya ga Kawu yana goge baki a bayan coci da asuba. Ɗakinsa ya nutse, motar ta sha ruwa ta mutu, a cikinta yake kwana. Da Baba Fasto ya kira shi gefe, abin da ya fara roƙo shi ne kada a sa shi cikin addu'ar jama'a da suna, kada kuma hotonsa ya hau Facebook. Yana da ƙanne 4 a makaranta a gida, da tsohuwa mai hawan jini, duk sun san shi a matsayin wanda ya tsallake. Ya ce, “Baba, in Mama ta ga ina karɓar shinkafa a layi, hawan jinin ne zai kashe ta.”

Tun daga ranar na daina amsar “mun gode Allah” a matsayin amsa. Gaisuwa ce. Tambayar gaske sai an zauna, an ci abinci, an yi hirar gida, sannan a ce, “A ina kake kwana?” Kuma na yi faɗa da kwamitinmu a kan hotuna. Masu aiko da kuɗi suna son ganin fuska, na gane. Muka daidaita a kan hoton kaya da hannuwa da bayan masu aiki. Taimakon irin wannan mutum kuwa sai aka bi da shi ta hannun dattijo ɗaya, a ambulan, aka ce masa rance ne, ya biya in ya samu. Kowa ya san ba za a tambaya ba. Ya biya cikin shekara guda, har da ƙari.

Sai maganar wa'azi. Wani mai bishara a cikinmu, mutum mai himma wanda nake girmamawa, ya kawo shawara a riƙa tara mutane a yi gajeren wa'azi kafin rabo. Ya ce Allah ne ya kawo mana girbi har ƙofa. Mun yi hakan sau ɗaya. Ina tsaye a baya ina kallon wata mata 'yar Sudan da lulluɓinta, jaririnta na kuka, tana jiran a gama ta karɓi madara. Ba ta ce komai ba, amma ni na ji kamar mun sa wa madarar farashi. A wannan makon ne aka yi babbar sallah, ranar Juma'a 1 ga Satumba, kuma masallatai da dama na birnin sun zama mafaka ga kowa da kowa, har shugabanninsu suka ce ba za a tashi masu fakewa don sallar idi ba. Na faɗa wa dattawa cewa a Matiyu 25, inda Yesu ya yi maganar mai yunwa da baƙo, ban ga inda aka gindaya sharaɗi ba. Mai bisharar ya ce to me ya bambanta mu da hukumar gwamnati? Tambaya ce mai nauyi, kuma har yau ba mu gama da ita ni da shi ba. Abin da aka tsayar shi ne a ba da kaya tukuna, wanda ya nemi addu'a a shiga da shi ciki a yi masa. Masu nema sun fi yadda na zata, har da waɗanda ba Kirista ba. Muka kuma ware gwangwanayen da ke da naman alade gefe guda, zumuntar mata suka ɗora tukunyar dafa-duka da kaza kullum.

Aikin hannu kuma a wurin Turawa na koye shi, ba na jin kunyar faɗa. 'Yan Baptis na Kudu masu rawayar riga, da na Samaritan's Purse masu ruwan lemo, yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho da suka yi wannan aiki tun zamanin guguwar Katrina a 2005. Bangon gidajen Amurka allo ne na farar ƙasa da aka lulluɓe da takarda, bayansa wani abu kamar auduga, duka suna shan ruwa. Sai a ja layi sama da inda ruwa ya tsaya, a yanke, a ɓamɓare, a kwashe a baro zuwa bakin titi, a bar katakon ya bushe da fanka kafin a fesa magani. Firjin da ya yi mako babu wuta ba a buɗe shi, naɗe shi ake yi da salatif a fitar. Wani tsoho cikinsu ya hana ni zubar da wani jiƙaƙƙen akwati. Ya ce ba a fitar da komai sai mai gida ya gani ya yarda. Da matar gidan ta buɗe, hotunan bikinta ne na Enugu da takardun makarantar mijinta da ya rasu. Muka baje su ɗaya bayan ɗaya a kan motar wani, muka danne da duwatsu.

Kafin wata ya ƙare, guguwar Irma ta bugi Florida, guguwar Maria ta bugi Puerto Rico, masu kyamara suka tattara suka tafi. Motocin kaya suka ragu, sannan suka daina zuwa. Lokacin ne takardun kora daga gidajen haya suka fara fitowa, da koken leburorin da suka yi aikin share gidaje aka hana su kuɗinsu don an san ba za su je wurin hukuma ba. Da mun sani, da mun riƙe rabin kuɗin da muka kashe a makon farko. Mennonawa, 'yan wata ɗarikar Kirista masu zuwa daga baya su zauna suna gini bayan kowa ya watse, sun fi mu sanin wannan.

Littafin rajistar yana nan a aljihun teburina, shafi 3 kawai aka cika. Wanda nake aiki da shi yanzu ƙarami ne, yana shiga jaka, kuma babu suna ko ɗaya a ciki. Da guguwar Beryl ta zo ranar 8 ga Yuli, 2024, ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 babu wuta cikin tsananin zafi, shi na buɗe. Layin farko: tsohuwa mai jar ƙofa, hawa na biyu, allurar sukarinta tana buƙatar sanyi. Na sa ƙanƙara a kula, na kira Mama na ce ta shirya, ga ni nan zuwa ɗaukarta.