Kwaɓin Wasa Don Koya wa Yara Haruffa

Iyaye mata na Makka da Jidda, kwaɓin wasa ba sai an saya ba. A haɗa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, mai cokali 2, a riƙa zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Idan yana manne wa hannu, ruwa ya yi yawa, a ƙara fulawa. Ruwan zoɓo zai ba shi launi.

Sai a buɗe littafin hotuna, a nuna raƙumi, a faɗi sunansa da Hausa da Larabci, yaro ya murza kwaɓin da hannunsa ya yi harafin jim, farkon sunan raƙumi da Larabci (jamal). Minti 10 ya ishi ɗan shekara 3. Kada ya kai baki, gishirin ya yi masa yawa. Da an gama a ƙulle a leda, don iskar esi (na'urar sanyaya ɗaki) tana busar da shi ya tsattsage.