Kafin a Gaskata Lamba: Furotin da Hasashen Tafiyar Sankarar Huhu

Tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗawa wajen gwajin furotin a sankarar huhu. Akwai furotin da ke nuna yadda cutar za ta tafi ko da wane magani aka yi, akwai kuma wanda ke nuna ko wani magani takamaimai zai ci. CYFRA 21-1, ɓarɓashin wani furotin mai suna sitokeratin 19 da ke yawo a jini, na rukunin farko ne: idan ya haura kusan 3.3 ng/mL kafin a fara magani, galibi cutar ta fi tsanani. PD-L1, furotin da ake dubawa a jikin ƙwayoyin ƙarin, na rukuni na biyu ne. Tun gwajin KEYNOTE-024 na 2016, majinyacin sankarar huhu marar ƙananan ƙwayoyi da ta yaɗu, wanda kashi 50 cikin ɗari ko fiye na ƙwayoyin ƙarinsa ke ɗauke da shi ana iya fara masa pembrolizumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, muddin babu sauyi a ƙwayoyin halittar EGFR ko ALK.

Inda aiki ya fi lalacewa kuwa, tun kafin samfur ya isa na'ura ne. NSE, furotin da ake aunawa a jini don bin diddigin nau'in sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi, yana cikin jajayen ƙwayoyin jini ma. Jinin da ya fashe saboda siririyar allura, ko girgiza, ko zaman zafi a hanya, zai ba da lamba mai tayar da hankali a banza. A raba ruwan jinin cikin awa ɗaya. Idan ya yi ja-ja, a zubar a sake ɗiba. ProGRP (wani furotin da ake bin wannan nau'in sankarar da shi) da CYFRA suna hawa idan ƙoda ta raunana, don haka a duba kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, tare da su. CEA kuwa, wata alamar sankara a jini, takan ɗan ɗaga ga mai shan taba ko ba ya da sankara.

A PD-L1 ana buƙatar aƙalla ƙwayoyin ƙari 100 masu rai, a naman da aka sa cikin fomalin (ruwan adana nama) mai kashi 10 ba da ɓata lokaci ba. Rina naman ake yi don a ga furotin ɗin, amma ƙwayoyin garkuwar jiki na huhu da ake kira makrofaj su ma suna ɗaukar launin, kuma sabon hannu yakan ƙirga da su. Sinadarin rini na SP142 ba ya rina ƙwayoyi da yawa kamar takwaransa 22C3, saboda haka ba a haɗa sakamakonsu a ma'auni ɗaya.

Labarin furotin ERCC1 ya isa ishara. A 2006 an yi murna cewa zai nuna wanda maganin sankara na cisplatin zai amfana bayan tiyata. A 2013 masu binciken suka sake gwaji, sakamakon ya ƙi maimaituwa, domin sinadarin rinin ba ya bambance siffar furotin mai aiki da sauran siffofinsa.

Abin mamaki, gwaji mai araha yakan yi hasashe mai kyau. Ma'aunin Glasgow na haɗa CRP (alamar kumburi a jini) sama da 10 mg/L da albumin (babban furotin na jini) ƙasa da 35 g/L. Wanda ya haɗa biyun, tafiyarsa ta fi wuya. Sai dai a asibitocinmu tarin fuka ma yana ɗaga CRP ya sauke albumin, sikila da zazzabin cizon sauro suna ɗaga LDH, wani gwajin jini mai araha da ake hasashe da shi. Shi ya sa ake fara duba matakin cutar, da ko majinyaci na iya tashi ya yi hidimar kansa, da kilo nawa ya zube cikin wata shida, sannan a ɗora lambar furotin a kai.