Hasken na'ura da lungunan da ba ya kaiwa

Duk wanda ya yi aiki a sashen hana yaɗuwar cututtuka ya san ɗaki yakan riƙe ciwon wanda ya kwanta a cikinsa. An sallami majiyyaci, an canza zanen gado, amma ƙwayoyin cuta irin su MRSA, wadda ba ta jin magunguna da yawa, da C. difficile, mai haddasa gudawa, na nan maƙale a ƙarfen gado da marfin ƙofa, wasu har tsawon watanni. Wannan ne ya sa asibitoci suka rungumi na'urar da ake turawa ɗaki, a fita, a rufe ƙofa, ta haska ko'ina da hasken UV-C, wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayar halittar cutar har ta kasa hayayyafa.

Abin da aiki da ita ya fara koya mini shi ne, haske miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Ƙarƙashin katifa, cikin durowa, bayan ƙofar banɗaki, duk inda inuwa ta faɗa to ƙwayar cuta ta tsira. Nisa ma na cin ƙarfinsa: a ninka tazara sau biyu, ƙarfin ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ashe gwanintar tana hannun mai shirya ɗakin, wanda zai buɗe durowoyi, ya jingine katifa, ya sauya wa na'urar wuri. Kuma idan jini ko majina ta bushe a kan teburi, hasken ba ya ratsa ta. Dole sai mai goge-goge ya riga ya bi wurin da tsumma da magani. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa zuwan na'ura dama ce ta rage masu tsabtace ɗakuna.

Wani babban bincike da masana daga Jami'ar Duke suka jagoranta a asibitoci 9 na Amurka, aka buga a 2017, ya nuna ƙara UV-C a kan gogewar yau da kullum ya rage kamuwa da ƙwayoyin da aka bibiya da kimanin kashi 30 cikin 100. Sai dai a ɗakunan masu C. difficile, inda dama da bilic ake gogewa, hasken bai kawo wani bambanci ba. Masu tallar na'ura ba kasafai suke ambaton wannan ɓangaren ba.

Akwai kuma na'urar da ke fesa tururin haidurojin feroksaid, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, wadda ta fi shiga lungu da saƙo, amma sai an toshe ƙofa da hanyoyin iska, a jira sa'o'i kafin kowa ya shiga. Ga majiyyaci kuma yana kan gadon turawa yana jiran ɗaki. A nan ne gardama ke tashi tsakaninmu da masu rabon gadaje. Daga baya muka tsaya a kan cewa ɗakunan keɓe masu ƙwayoyin da ba sa jin magani su ne kan gaba, sauran kuwa sai idan na'ura ta samu sarari.