Kuskuren farantin alminiyo da ya ƙona mini tiransifoma

Har yau in na tuna da warin da ya tashi daga cikin na'urar CD ɗin nan sai raina ya ɓaci, domin mitar auna wuta tana gefena a kan teburi, aunawar da ba ta kai minti ɗaya ba ce ta gagare ni.

Tsohuwar Philips ce ta ƙarshen shekarun 1980, na tsince ta a cikin kayan gwanjo. Don TDA1541A da ke cikinta na saye ta, aisi (IC, ƙaramin ɓangaren lantarki mai ƙafafu da yawa) da ke mayar da lambobin faifai su zama sauti. An daɗe da daina ƙera shi, ga jabunsa sun cika kasuwa, shi ya sa nake lallaɓa shi kamar ƙwai. Sauya tsofaffin kafasito bai ba ni wahala ba, yamma ɗaya na gama.

A wajen regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin wuta, na yi ɓarnar. Aisin nan wuta uku yake sha: bolt +5, -5 da -15. Maƙwabcinsa SAA7220 kuwa, aisin da ke tace lambobin kafin su isa gare shi, wuta yake zuƙa sosai, yana kuma watsa hayaniya a layin bolt 5 da yake tarayya da wasu. Sai na yanke in ware masa regileta 7805 mai ba da +5 nasa shi kaɗai, in sabunta 7915 mai ba da -15 a lokaci guda. Ganin suna zafi, na ɗaure su biyun da noti a kan farantin alminiyo ɗaya, ban sa komai tsakani ba.

Na san jerin ƙafafun regiletoci masu lamba 78 da na masu 79 ba ɗaya ba ne, na kuma kiyaye wannan. Abin da ya kuɓuce mini shi ne ƙarfen bayansu. Na 7805 haɗe yake da ƙasa, wato layin bolt sifili na na'urar, na 7915 kuwa haɗe yake da wutar da ke shigowa. Wato da hannuna na haɗa ɗanyar wuta da ƙasa ta cikin farantin. Ina kunnawa na ji wata ƙara ƙasa-ƙasa, maimakon in zare filogi nan take sai na tsaya neman inda take fitowa. Kafin in ankara dayod biyu sun ƙone, tiransifoma ta yi shiru.

Tiransifomar irin waɗannan na'urori ba a samunta a shago, don naɗi da yawa gare ta, har da na fitilar allon da ke gaban na'urar. Mako uku ina zarya wurin wani dattijo mai naɗa koyil. Da na je karɓa ya ce, "Yaro, kafin ka ɗaure kowane regileta, ɗora mita a bayansa." Kuɗin naɗin ya zarce abin da na sayi na'urar. Allah ya taimake ni TDA1541A ya tsira. Ranar da na auna na ga -15 ta dawo daidai, sai da na yi hamdala a fili.

A ɓangaren fitar sauti na sa soket, na cire aisin ƙara ƙarfin sauti NE5532 na gwada OPA2134. Akwai bambanci, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ware wa SAA7220 wutarsa ne ya fi gyara sautin a kunnena, musamman kaifin da ke saman muryoyi. Tiransistocin da ke toshe sauti lokacin kunnawa da kashewa ma na cire su, na yi nadama cikin kwana biyu: duk sanda aka ɗauke wuta sai lasifika ta buga dum! Rile, makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa, na sa a madadinsu.

Yanzu kowane 79 sai na shimfiɗa masa maika, siririn fallen da ba ya barin wuta ta ratsa, na sa zoben roba a notinsa, sannan na auna tsakanin bayansa da farantin sau biyu. Kunnawar farko kuma ta cikin ƙwan fitila mai wat 60 nake yinta, wanda da na jona shi a ranar, da haske kawai zai yi, tiransifomata ta asali tana nan.