Shawara ga masu koyon jita, kada ku raina waƙar kod biyu

Daren jiya bayan isha na tarar da ɗan yayata a zaure ya ɗora waya kan gwiwa, jita a cinya, yana ta fama da wani bidiyo na YouTube inda wani bature ke tsince tsirkiya ɗai-ɗai da yatsu. Kwanan jitar nan 5 a hannunsa. Na ce masa kama kod ɗin G (kod shi ne tsirkiyoyin da ake dannewa a kaɗa su tare) ka koma C in ji, sai da ya tsaya ya leƙa yatsunsa ya jera su ɗaya bayan ɗaya kafin sauti ya fito. Na ce to ajiye wancan, nemo waƙa mai kod biyu ka yi sati kana maimaita ta. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi "haba Kawu, ai wannan na yara ne."

Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar da na taɓa yi kenan, ko kalma bai canza ba.

Ina da shekara 23 na sayi jita ta hannu da kuɗin alawus ɗin bautar ƙasa. Ban san ana duba tazarar tsirkiya da wuyan jita ba, tawa sun yi sama sosai ga tsatsa, kafin in danne ɗaya sai na ji kamar reza a kan yatsa. Akwai wani dattijo da ke kaɗa jita a coci a unguwar da na zauna, mutumin kirki, shi ya nuna min yadda ake saita tsirkiyoyin nan 6, E A D G B E, ya ba ni kod uku, G da C da D, ya ce in je in yi wata guda da su, kada in ƙara komai. Na raina. Ni kiɗan Buzayen Agadez ke kaina, irin wanda babban yatsa ke riƙe da ƙasa sauran yatsu na yawo a sama, ina ganin me zan yi da kod uku kamar ɗan firamare. Ban sake komawa wajensa ba, kuma har yau abin na damuna don bai nemi ko sisi a hannuna ba.

Amma a yi min adalci, lokacin ba waya mai intanet a hannuna, ba manhajar saita tsirkiya, da kunne nake yi kuma kunnen bai horu ba. Da na dawo gida kuma a ɓoye nake taɓawa, in cusa tsumma ƙarƙashin tsirkiya don kada Baba ya ji, a wajensa duk mai riƙe da abin kiɗa maroƙi ne. Wanda ke koyo a ɓoye minti goma yau, sai bayan sati kuma, dole ya so ya yi tsalle ya kai inda daɗin yake. Sai dai wannan duk uzuri ne, girman kai ne ya kashe ni. Na tsallake masu sauƙi na faɗa kan kod ɗin F, wanda manuni ke kwanciya ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya, wuyan hannuna ya riƙe, sautin kuma a toshe. Na yanke hukuncin ba ni da baiwa. Jitar ta shige ƙarƙashin gado shekara 7, iskar hunturu ta busar da katakon har fuskarta ta tsage.

Da na sake sayen wata na koma kan kod ɗin Em, yatsu biyu kacal, sai G. Cikin sati uku yatsu suka yi kanta zafin ya tafi. Abin da na guje wa shekara bakwai kenan, sati uku.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari goma, yanzu na ga ba su kai haka ba. Ku ɗauki waƙa mai kod biyu ko uku ku kaɗa ta daga farko har ƙarshe ba tsayawa, a hankali, ko da bugu 60 a minti ne, in hannun hagu ya makara kada na dama ya jira shi. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Sai kuna canza kod ba tare da kallo ba sannan ku zo kan yatsu, babban yatsa ya ɗauki tsirkiyoyi uku masu kauri, manuni da na tsakiya da na zobe kowa tasa ɗaya a sirara ukun, kuma a kan waƙar nan dai da kuka raina za ku fara. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, ku kuna da shida kuna cewa kod biyu ya yi muku kaɗan.

Ku ajiye wayar nan don Allah. Yaran yanzu ba ku iya zama da abu ɗaya, bidiyo 20 a dare ɗaya, kowanne rabi, sannan ku ɗauki kanku hoto da jita ku saka a status kafin ku iya saita ta. To amma ku sauke manhajar saita tsirkiya, wannan kam dole, da na same ta da ban sha rabin wahalar da na sha ba. Kuma in waƙar mai sauƙi ta gundure ku har kuna jin ajiye jitar, ku taɓa wadda kuke so ɗin, ko layi ɗaya ne, gara haka da ƙarƙashin gado.

Shi yaron da na duba tasa na ga ashe irin ta tsirkiyar roba ce wani ya ɗaura mata ta ƙarfe, ƙarfin jan zai iya ɓalle katakon da ke riƙe da su. Na ce ya sassauta su tun a daren, ya kawo min ita ranar Asabar mu canza.